Shekarar da Matan Tudun Wada Suka Jefo Mana Rigunan Nono

Ke Bilki, ajiye almakashin nan tukuna. Na ji abin da kika gaya wa 'yar'uwarki ɗazu, wai ɗinkin rigar nono ba aiki ba ne, ƙyalle biyu ne da igiya, ko da ido a rufe a haɗa. Ban ce kin yi rashin kunya ba. Kun tashi kun tarar da bireziya a rataye a kowace rumfa, mace ta nuna da yatsa a naɗe mata ta tafi gida, in ta yi daidai ta gode Allah, in ta matse ta yi haƙuri. Mu ba haka muka same ta ba. Ku sauke ƙafa daga kan kekunan nan ku matso, in gaya muku yadda abin ya shigo unguwar nan.

Ina yarinya iyayena suka baro ƙauye suka zo Tudun Wada, don Baba ya sami aikin dakon auduga a tasha. Lokacin jirgin ƙasa bai gama zama abin mamaki ba, in ya yi kuka sai tsofaffi sun nemi tsari. Unguwar duk bukkoki ce da dangar kara, kuma duk baƙi ne: Kanawa, Katsinawa, Nufawa, Barebari, da tsofaffin sojan Turawa da suka ajiye aiki. Danga ɗaya ce ta raba mu da wata bazawara mai suna Asabe. Mijinta falken goro ne, ta yi shekaru da shi a zangon Kumashi, da ya rasu ta dawo da akwatin katako guda. Shi ya sa kowa ke ce mata Gwaggo Takumashi. A cikin akwatin nan keken ɗinki ne na hannu, wanda ta koyi aiki da shi wajen matan bakin teku.

Ran da ta fara buɗe shi, ni ce na leƙo ta kafar danga har kara ya karce mini goshi. Ta ce, "Ke 'yar gidan Malam Audu, wa sunanki?"

Na ce, "Kande."

"To Kande, leƙe ba ya ƙosar da ido. Zagayo ta ƙofa."

Na zagaya, kuma ban sake fita daga sana'ar ba.

Aikina na farko juya hannun keke. Keken hannu ba irin naku ba ne, dama ke juyawa, hagu ke riƙe ƙyalle. Ɗinki mai lanƙwasa kuwa hannu biyu yake so a kan ƙyalle, sai ta zaunar da ni a gefe in riƙa juyawa. "Sannu. Ƙara. Tsaya!" In na wuce ko da ɗinki ɗaya bayan ta ce tsaya, sai a warware a sake. Damina ta zo ta wuce ina wannan, sannan ta ba ni allurar hannu na fara kama bakin ramin maɓalli. Kafin ta bar ni in sa almakashi a sabon yadi, har an fara zuwa zance wajena.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Almakashi ba ya taɓa komai sai yadi. Allurar keke a kwalba take kwana, don in ta karye sai an jira kantin Turawa ya kawo wata. Man keke dabam yake, kada wanda ya kuskura ya ɗiga masa man gyaɗa, daskarewa yake yi ya cije. Yadinmu akoko ne da alawayyo, kuma ba a yanka shi sai an jiƙa, an wanke, an shanya, an goge da dutsen guga na gawayi. Sabon akoko ja da baya yake yi in ya sha ruwa. Ki ɗinka shi ɗanye, wankin farko rigar uwa ta koma ta 'ya. Roba kuwa babu ita sam. Abin da roba ke yi muku yanzu, mu da yanka muke samo shi: in kika yanka yadi a karkace yana ɗan miƙewa, in kika yanka a miƙe ba ya motsi. Wurin da ake so ya ba da kai a yanka a karkace, wurin da zai ɗauki nauyi a yanka a miƙe.

Tef ɗin awo ban taɓa ganinsa ba sai da na yi 'ya'ya. Siririn tsumma muke yagowa, kowace mace da nata. A zagaya ƙarƙashin nono a yi ƙulli, a zagaya ta kan tudun a yi wani, a auna daga kafaɗa a yi na uku. Sai kuma ƙoƙuna. Gwaggo tana da su a zarge a igiya, daga ɗan ƙarami da muke kira ludayi, zuwa ƙoƙon koko, ƙoƙon fura, har babban da muke tsokana da suna masaki. Ido take sa wa mace ta zaɓi ƙoƙon da ya yi kusa, ta kife shi a tabarma, ta lulluɓe shi da ƙyalle mai damshi, ta tsinko inda ya yi rara ta zana da gawayi. Nan ake kama ƙyallen ya yi kwarmi. Kuma ku riƙe wannan: da wuya ki sami macen da nata biyun suke daidai. Sau da yawa ƙoƙo biyu ake kifewa don mace ɗaya.

Aikin da ya fito da sunanmu na Dudu ne. Dudu 'yar dakau ce, tana bin gidaje tana daka gero da dawa. Doguwa ce kakkaura, dariyarta kamar ana buga ganga, kuma Allah ya yi mata ƙirji mai nauyi. A zamanin mata ɗaurin ƙirji suke yi, a ɗauro zane ta hammata a soke. Ga mai zaman ɗaki wannan ya isa. Ga mai ɗaga taɓarya tun safe har la'asar kuwa, duk saukar taɓarya sai nono ya fizgo, baya da kafaɗa su ɗauki ciwo, gumi ya taru a ƙarƙashi har fata ta saɓule. Ta shigo ne a kama mata bakin zane, Gwaggo ta ga tana cije leɓe in ta sunkuya.

"Dudu, me ke cin ki?"

"Gwaggo, kayan da Allah ya ɗora mini ne. Jaki ma ana sauke masa mangala ya huta, ni nawa ba saukewa."

"Saukewa kam babu. Amma ita mangalar ai ana yi mata akumari. Shiga ɗaki."

Gwaggo ta duba ta, ta ce ba a ɗora riga kan ciwo. Ta ce Dudu ta je ta riƙa wanke wurin tana busarwa, ta bar shi ya sha iska, in ya warke ta dawo. Da ta dawo muka yi awo tana ta ƙyalƙyala dariya wai tsumman yana yi mata cakulkuli. Masaki muka kife, shi ma sai da aka ƙara masa. Gwaggo ta yi ɗamarar ƙasa mai faɗi, ninki biyu. A nan ta koya mini abin da har yau nake maimaita muku kuna jin kamar waƙa ce: nauyi ba a kafaɗa yake zama ba, a ɗamara yake. Maratayin kafaɗa riƙo kawai yake yi, shi ma a faɗaɗa shi kada ya yanka. Ta juya bakin ɗinki waje don kada ya goga fata, ta yi shafi daga ciki da tsohon alawayyo da ya sha wanki ya yi laushi.

Ran gwaji ba madubi muka kawo ba, turmi muka kawo. Gwaggo ta fara zura yatsu biyu a ƙarƙashin ɗamarar, suka shiga ba dole. Ta ce ta ɗaga hannu, ta sunkuya, ta ja numfashi. Sannan ta zuba mata gero ta ce bisimilla. Dudu ta saki taɓarya sau ɗaya ta tsaya, ta dubi ƙirjinta. Ta sake saki. Sai ga ta ta shiga lugude, tana cilla taɓarya sama tana tafawa kafin ta cafe, gero na tsalle.

"Wayyo ni Dudu! Ashe haka sauran mata suke ji a duniya ba wanda ya gaya mini?"

Innata ta leƙo ta danga ta zaci biki ake yi. Geronmu na ranar har ya wuce yadda ake so, don mun kasa ƙwace taɓaryar.

'Yar dakau kowane gida tana shiga, bakinta kuma ba ya rufuwa. Kafin wata ya ƙare masu tuwon sayarwa sun zo, masu ɗebo ruwa sun zo, sai amare. Masu kunya ba sa iya faɗar sunan, sai su ce rigar mama, ko su ce "abin nan na Dudu". Kowacce kuma sai Gwaggo ta yi mata karatu kafin ta miƙa: a cire in za a kwanta, a wanke a shanya a rana, kada a sa da damshi, kada a ara wa kowa. Amare su kan tambaya a hankali, wai gaskiya ne tana hana nono zubewa? Ta ce, "Wanda ya gaya miki haka ya fi ni iya ciniki. Haihuwa da shekaru ke kwantar da nono, ba ƙyallen da zai hana su. Tawa dai tana ɗauke miki nauyi muddin tana jikinki."

Matan kulle mu ke bin su gida, ni da igiyar ƙoƙuna a cikin kwando, a rufe da zane. Wani lokaci mazan ne ke zuwa da kansu. Ba na manta wani mai gyaran fitila da ya yi sallama a zaure, ya yi tari, ya gaishe mu har sau nawa, ya kasa shiga magana.

Gwaggo ta ce, "Malam, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Iyali ne suka aiko. Abin nan suke so. Na mata."

"To, sai a je a auna ta."

"Ai ba sai an je ba, na zo da awon." Ya sunkuyar da kai, ya kwarmama tafukan hannunsa biyu ya miƙo. "Kamar haka."

Na toshe baki da gefen zane. Gwaggo ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, hannun miji ba ya awo. Ko ya ƙara don so, ko ya rage don tsoron kuɗin yadi. Kande za ta bi ka." Da na je na auna, don so ya ƙara. Matar ta yi dariya har da hawaye.

Haka muka yi shekaru keke ba ya hutawa, sai aikin Maimuna. Ita Maimuna matar wani birkila ce, mun yi mata riga tana amarya, siririya, ƙoƙon koko. Ni na yanka, na ɗinka, ta zauna mata ɗas. Shekara ta zagayo ta haifi ɗa namiji. Ran suna ta so ta fito tsaf cikin mata, ta ɗauko rigar amarcin ta cusa kanta a ciki, ta ja igiya har ƙarshe. Nonon mai jego kuwa kun san ba na amarya ba ne. Da ta ga ya daina ɗiga mata a zane, sai ta bar ta a jiki, a tsaye da ita, a kwance da ita. Ba a jima ba nonon dama ya kumbura ya yi tauri kamar dutsen niƙa, ya yi ja, zazzaɓi ya rufe ta, yaro ya kama ya saki yana tsala kuka.

Aka kira Iya Talatu, ungozomar unguwa. Tsohuwa ce gajera mai faɗa, rabin yaran Tudun Wada ita ta yanke musu cibi, in ta yi magana ba mai musu. Ta warware igiyar, ta ga shatar ɗamara kwance a fatar yarinya, ta ce, "Rigar Kumashi ce ta ɗaure nono."

Da safe labari ya iso mu. Gwaggo ta yafa gyale ta ce in biyo ta. Muka tarar da Iya Talatu a durƙushe tana gasa wa Maimuna nonon da tsumma da ruwan ɗumi. Ko sallamarmu da ƙyar ta amsa.

"Asabe, kin zo ganin aikinki?"

"Na zo gaida mai jiki, Iya. A ba ni rigar in gani."

Aka miƙo. Gwaggo ta auna ta da ido, ta dubi Maimuna, ta dubi shatar. Na zaci za ta kare kanta, don tana da abin faɗa. Sai ta ce, "Gaskiyarki, Iya. Wannan rigar ce ta matse ta. Ta amarya ce, ba ta mai jego ba."

"Ni ban san ta amarya da ta mai jego ba. Na san tun kaka da kakanni mata ke shayarwa ba da wannan tarkacen ba."

"Wannan ma gaskiya ne. Me za mu kama miki?"

Iya Talatu ta harare ta, sannan ta turo mini ƙwarya ta ce in sake ɗora ruwa. Muka wuni a gidan. Iya tana gasawa, tana lallaɓa yaro ya kama, tana cewa kada a yarda a hana shi tsotso, tsotson ne magani. Yaron dai ya ƙoshi a hagu. Na daman ya ƙi saki, har ya fara tara ruwa. Iya da kanta ta ce wannan ya wuce tsumma. Aka ɗora Maimuna a jaki zuwa asibitin mishan na bayan gari, ni da Iya muna biye da jariri.

Can aka tsaga wurin aka fitar da mugunya. Wadda ta ɗaure mata ciwon wata Bazazzagiya ce Kirista, Malama Rahila. Iya Talatu ta zaro rigar daga ƙugu ta nuna mata, ta ce, "'Yar nan, ku da kuke ganin cuta iri-iri, wannan abar ba ita ke ruɓar da nono ba?"

Malama Rahila ta juya ta, ta ce, "Iya, matsin ne ya tare hanyar nono, kamar yadda kika gani. Amma muna samun irin wannan ciwon a matan da ba su taɓa ganin riga ba, wata zanen goyo ne ya matse ta, wata yaro ne bai tsotse ba. Ita riga ba ta kawo ciwon daji, ba ta kuma hana shi. Duk macen da ta ji ƙullutu da ya ƙi tafiya, da riga ko ba riga, ki turo mana ita da wuri."

Iya ta ce, "Uhm," ta mayar da rigar ƙugu.

Maimuna ta warke, yaro ya yi ɓul-ɓul. Amma magana ta riga mu dawowa gida. A bakin rijiya aka ce rigar tana busar da nono. A kasuwa aka ce daji take sawa. Kafin ta kai tasha ta zama dabarar Nasara ta hana haihuwa. Wata safiya na fito shara na tarar da riga a tsakar gidan Gwaggo, an jefo ta ta kan danga. Washegari na sami wasu, wata a kan murhu, wata a rataye a reshen zogale. Ba mai sallama, ba mai nuna fuska. Na ce wa Gwaggo mu hura wuta da su. Ta ce, "Zarena ne a jiki. Wanke su, ki goge, ki jera a adudu."

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Har masu kawo facin zane suka ɗauke ƙafa, kamar keken ne ke ɗauke da cutar. Baba ya samo mana facin buhunan auduga daga tasha. Buhu kuwa ba abincin keken hannu ba ne, ya karya mana allura, muka koma basilla, yatsuna duk suka yi kanta. Miya ta koma kuka lami. Masu gidan da Gwaggo ke zaune suka fara zancen ko za ta nemi wani wuri. Mace ɗaya ce ba ta jefo tata ba, ita ce Dudu. Dudu tana shiga gidaje ana ce mata za ta ruɓe, tana cewa, "In na ruɓe ku zo ku ji wari." A lokacin tana da ciki, don ta auri wani ɗan garuwa. Da cikin ya tsufa rigar ta fara kama ta, Gwaggo da kanta ta ce ta cire ta ajiye.

Bayan kaka Dudu ta haihu, tagwaye mata. Kwana biyu da haihuwar muna zaune muna fama da buhu, sai muka ji sallama. Iya Talatu ce a tsakar gidanmu, wadda tun ranar asibiti ko hanya ba ta haɗa mu ba. Ba ta jira tabarma ba.

"Asabe, ba sulhu na zo yi ba, aiki na zo da shi. Ruwan nono ya sauko wa Dudu, na 'ya'ya biyu. Ba ta iya miƙewa zaune sai ta tallafe da hannu. Na ɗaure da zane ya matse, na sassauta ya ja ta ƙasa. Ke kin san ƙyalle, ni na san nono. Tashi mu je."

Gwaggo ta ce, "Kande, ciro kwalbar nan, akwai allura ɗaya da na ɓoye."

Ban taɓa aikin da aka yi faɗa a kansa kamar wannan ba. Muka kai keke har ɗakin Dudu. Gwaggo ta zana inda ɗinki zai bi, Iya ta sa yatsa ta goge. "Nan hanyar nono ce, har hammata take zuwa, kada zarenki ya bi ta kai." Gwaggo ta sauke yankan hammata ƙasa. Ta ɗauko tsumman awo, Iya ta ce awon yaushe za ki yi, kafin su sha ko bayan sun sha? Ai ba ɗaya ba ne. Aka auna a cike, aka yi bayan rigar da igiya mai zarge yadda za a sassauta ko a ɗan ja. Iya ta ce yaro ba ya jiran a kwance igiya. Gwaggo ta tauna goro, ta ce a yi wa kowane gefe ƙofa, da maɓalli ɗaya a sama, wanda hannu ɗaya zai iya ɓallewa. Ni na ce a bar wuri daga ciki a riƙa sa tsumma mai tsabta yana tsane abin da ya ɗiga, a riƙa canzawa. Duk su biyun suka juyo suka dube ni. Iya ta ce, "Ashe yarinyar tana magana." Aka yi hakan.

Ta farko ba ta yi ba, ƙofar ta yi ƙanƙanta. Ta biyu Iya ta zura yatsunta a ɗamara, ta zagaya da su har baya, ta ce, "To." A bakinta wannan kirari ne.

Ran suna gidan Dudu ya cika, don ba gidan da ba ta yi wa daka ba. Mata suka shigo suka tarar da ita zaune a miƙe kan tabarma, tana raba wa mutane tsiya. Hassana ta motsa. Dudu ta sauke zane, ta ɓalle maɓalli da yatsa ɗaya, yarinya ta kama. Usaina ta tsala nata, ta ɓalle ɗayan. Jarirai suka shiga haɗiya. Duk ido ya koma kan Iya Talatu, ana jiran ta fashe da faɗa. Ita kuwa tana gefe tana ɓare goro.

Maimuna ce ta yi ƙarfin hali, da ɗanta a cinya. "Iya, to yanzu wanne za mu kama? Tana da kyau ko ba ta da kyau?"

"Ke da kika cusa jikin jego a rigar amarya ke ce mai tambaya? Wadda ta yi miki daidai ba ta cutar da ke. Wadda ta matse ki za ta yi miki abin da ta yi miki. Wadda kuma ba ta so, ta ɗaura zanenta, ba abin da zai same ta. Amma duk mai jegon da ta sa wadda ban zura yatsa a ciki ba, kada a aiko kirana."

Wata ta rangaɗa guɗa, aka kwashe da dariya. Can daga baya wata mai tuwo ta ce a hankali, "Gwaggo, tawa fa? Kin ƙona?"

Gwaggo ta dube ni. Na ruga gida na ɗauko adudu.

Da aka buɗe aka ga riguna a wanke, a goge, a jere, sai kowa ta kama kallon ƙasa. Karɓa ai shaida ce cewa ke kika yi jifa. Dudu ta miƙa tagwaye aka riƙe mata, ta jawo adudun gabanta, ta ɗaga ɗaya sama kamar dillaliya.

"Wannan ta wa? Ludayi ce, ba ta cin yadi. Ba mai ita? To in ba wa Hassana ta girma da ita."

Wata amarya ta fizge ta, ta rufe fuska da ita. Shi ke nan kunya ta ƙare. Dudu na ɗagawa tana yi wa kowace kirari, mata na ture juna, wata na cewa ita iska ce ta ɗauke tata daga shanya, ana yi mata ihu. Mai gyaran fitila ma matarsa tana ciki. Har adudu ya zo ƙarshe, saura ɗaya a gindi.

Dudu ta ɗaga ta. Gajera ce mai faɗin ɗamara, ta tsohon alawayyo mai laushi, an yi mata maratayi ninki uku irin na mai ciwon kafaɗa. Na ƙura mata ido. Duk rigar da ta fita gidanmu ko ni na yanka ko ni na juya mata keke, amma wannan da allurar hannu aka yi ta tun daga farko har ƙarshe, ɗinkin Gwaggo ne, kuma ban san ranar da aka auna mai ita ba. Tun ran da na tsince ta a gindin zogale nake tambaya, Gwaggo tana ce mini in ji da guga.

"Wannan fa? Jama'a, ta wa?"

Ba wadda ta motsa. Dudu ta sake tambaya, ta juya ta gaba da baya.

Iya Talatu ta tofar da goro, ta miƙa hannu ba tare da ta ɗaga kai ba. "Miƙo nan. Ta jikata ce."

Duk Tudun Wada an san jikokin Iya Talatu maza ne. Dudu ta buɗe baki, Gwaggo ta taka mata ƙafa. Iya ta ninke rigar ta soke a ƙugu, ta dubi ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wai gidan nan ba a kawo tuwon suna ne?"